Yadda Muka Kai wa Kaka Magani da Akwatin Wuta

Tun da muka koma lakol, makarantarmu ta boko, bayan hutun bazara, Zali da Mariyama suka sa ni gaba. Da an fito shan iska sai su tsare ni a gindin dogon yaro: "Habsu, yaya Gobir? Me kika gani? Me kika ci?" Ni kuwa kun san halina, idan ido ya yi mini yawa magana gudu take yi. Sai in ce lafiya lau, in yi shiru, su ce rowa nake yi musu. To ga shi na rubuta, ku karanta, ku miƙa wa duk wadda ta tambaya.

Dalilin tafiyar Kaka ce, mahaifiyar Innata. Tana da ciwon sukari, irin wanda sai an yi allura safe da yamma, kuma maganin allurar ba ya son zafi. Da can a gidanmu take a Gazawa, maganinta yana shan sanyi cikin firigon maƙwabta, wato firij. Bayan girbi ta ce ta gaji da zaman gidan suruki, ta koma ƙauyensu a arewa da Gidan Rumji, inda babu wutar lantarki. A can jiƙaƙƙen yashi take tona wa kwalbar a gindin randa. Lokacin sanyi dabarar ta yi. Da zafi ya kankama sai maganin ya yi gudaji-gudaji, ya daina aiki. Iya Hajo, ƙanwar Inna da ke zaune da ita, ta bugo waya ta ce Kaka ta rame, ba abin da take yi sai shan ruwa, kuma ta rantse ba mai ɗaga ta daga ɗakinta.

Kawu Lawali da ke Katsina ne ya aiko da akwatin wuta, da ɗan firigo wanda bai fi kwandon kayan miya ba, da faifan sola. Ni ban taɓa tsallaka iyakar ƙasa ba, amma akwatin ya tsallaka, a bayan babur, naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Faifan solar tun da wuri mijin Iya Hajo ya zo ya tafi da shi don ya ɗaura a kan ɗaki. Sauran aikin shi ne a kai akwatin da firigon, da magani a ciki da sanyinsa.

Akwatin ya kai girman batirin mota, yana da mariƙi a sama da ɗan gilashi a gaba mai nuna lamba. In ya cika lambar ɗari ce, in ya ƙare sifili. Ana cika shi da wutar gida, ko da rana, ko a jikin mota tana tafiya. Takardar da ta zo da shi da Faransanci take, Baba kuwa aya yake sayarwa, bai yi boko ba, Inna kuma tana jego. Shi ya sa aka ce in bi Baba mu kai. Malamar asibitinmu ta koya mini auna sukari da yin allura, a jikin lemo na fara gwadawa. Da ta ba mu maganin ta kama hannuna ta ce, "In ya gasu a hanya, zubar da shi za ku yi. Kuma can ba za ku sami wani ba."

Da safe muka tashi daga tashar Gazawa, lambar tana ɗari cif. Akwatin na tsakanin ƙafafuna, firigon a kan cinyar Baba, yana ɗan gurnani kamar kyanwa.

A Agiye aka tsaya lodin buhunan aya. Nan wani dattijo mai farar hula ya leƙo daga kujerar baya, ya ga ramukan da ke jikin akwatin.

"Malam, wannan ba ya cin waya?"

Baba ya ce yana ci.

"To taimaka mini da tawa, tun jiya ta mutu."

Kafin mu bar Agiye wayoyi sun yi wa ƙafata dabaibayi. Wata mata ta miƙo tocila. Wani ya miƙo rediyo, da aka ga ba ta shiga sai ya ji haushi kamar mu muka ƙera ramin. Na ja hannun rigar Baba na nuna masa lambar tana sauka. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaya zan hana mutum abin da ya gani da idonsa? Tafiya ɗaya muke yi."

Gaba da Cadawa akwai shingen jandarma. Wanda ya leƙo motarmu ya ga akwati mai lamba tana ƙyaftawa, wayoyi sun fito ta ko'ina, sai ya ja da baya, ya ce kowa ya sauka. Masu wayoyin nan duk suka zare kayansu suka koma gefe, kamar ba su taɓa ganinmu ba. Ya yi tambaya da Faransanci, Baba ya nuna ni. Ban iya ɗaga kai ba. Takalminsa nake kallo, igiyar ɗaya baƙa ce ɗaya ruwan ƙasa, haka na yi bayani. Ya ce a buɗe firigon. Aka buɗe a tsakiyar rana, ina jin sanyin yana fita kamar daga jikina yake fita. Ya duba kwalaben, ya karanta ɗaya, ya mayar da murfin da kansa da sauri. Sai ya juya zuwa Hausa ya ce, "Tsohuwata ma shi take yi. Ku hanzarta." Daga nan har Maradi ba wanda ya ƙara miƙo waya.

Maradi ban gan ta sosai ba, don idona na kan lamba. Abin da na riƙe kawai ƙarar babura, da zaman jiran wata mota ta cika a rumfar da kwanonta ke tsiyayar zafi, da shinkafa da wake da muka ci wadda mai ya yi mata yawa. Bayan Tibiri sai na fara ganin fuskoki masu zane irin na Kaka, daga gefen baki har kunne, magana kuma ta sauya. Mu ma muna da namu harshen, amma su kalma biyu suke haɗawa su matse ta zama ɗaya, da sauri, kamar faɗa ake yi alhali gaisuwa ce.

A Gidan Rumji gidan Tabawa muka sauka, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, mai sayar da ƙuliƙuli. Ƙatuwar mace ce mai murya. Tana ganin Baba ta ce, "Ga Bakatsinen da yas sace muna ɗiya! Shigo, ba mu cin baƙo." Ni kuma ta juya ni gaba da baya ta ce, "Wagga ba ta magana? Uwatta kau ba ta rufe baki."

Na tambaya a hankali inda zan sa wayar akwatin. Ta yi dariya ta nuna fankar da ke tsaye cik. Tun hantsi aka ɗauke wuta, garin duka. Baba ya fita neman ƙanƙara, ya dawo hannu biyu, masu sayarwa ma tasu ta narke. Muka ci tuwon hatsi da kwaɗon zogale mai yaji ƙwarai. A gidanmu baƙo shi kaɗai ake bari da kwanonsa, a nan kuwa Tabawa zama ta yi a kaina tana ƙirga lomata, in na tsaya ta ce, "Ci, ko tuwon Gobir ba shi kai na Katsinawa ba?" A tsakar gida muka kwana kan tabarmi, na sa akwatin kusa da kaina, da nufin da zarar wuta ta dawo in ji.

Ba ta dawo ba. Da gari ya waye lambar ta sauko ƙasa da ashirin. Iya Hajo ta bugo ta ce Kaka ba ta iya tashi sallar asuba da kanta ba, kuma in an yi mata magana sai ta daɗe kafin ta amsa.

Mota ɗaya ce ke zuwa wajen su Kaka, tsohuwar akori-kura ta wani direba da ake kira Ɗan Ladi, kuma ba ta tashi sai 'yan kasuwa sun gama sayayya, bayan azahar. Tabawa ma ita za ta bi, tana da masu sarin ƙuli a can. Muka zauna a inuwar shago, na rufe firigon da jiƙaƙƙen zane, ina kallon lambar tana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka fara lodi ta kusa goma.

Baba ya yi wa Ɗan Ladi bayani. A takarda an ce a sa wayar a ramin kunna taba da ke gaban mota. Ɗan Ladi ya nuna mana nasa ramin: asuwakinsa ne a soke a ciki.

"Wanga rami ya mutu tun kan in sayi motag ga," in ji shi. "Amma wuta ai ga batir take. Kawo."

Cikin kayan da Kawu ya aiko akwai wata waya mai baki biyu kamar na kada, ja da baƙi. Ɗan Ladi ya buɗe gaban mota ya maƙala su a kan batir, ya zuro wayar ta wata huda da ke ƙarƙashin sitiyari, ya rufe. Aka ajiye akwatin da firigon a ƙasan kujerar gaba. Da ya tayar da mota, bayan ta yi tari sau da yawa, sai wata 'yar kibiya ta fito a gilashin akwatin tana nuna wuta na shiga. Ban san na saki ajiyar zuciya da ƙarfi ba sai da Tabawa ta ce, "Ashe tana da rai!"

Akwai abin da na karanta a takardar wanda ya tsaya mini. Na raɗa wa Baba, shi kuma ya faɗa wa direba: muddin inji na aiki, wutar da yake haifarwa ce akwatin ke sha. Amma in aka kashe mota ba a cire wayar ba, akwatin zai ci gaba da tsotsar batirin motar har ya ƙarar da shi.

Ɗan Ladi ya ce, "Ka gaya ma malama ta kwantar da hankali. Batirin nan tsoho ne, ni da kaina ban kashe mota sai na kai. Ko salla nika yi, tana nan tana ruri."

Aka ba ni gaba, tsakanin Tabawa da ƙofa, Baba yana baya kan buhuna da sauran maza. Muka bar kwalta muka shiga yashi. Motar tana tangaɗi, ƙafata ɗaya a kan firigon don kada ya kife. Lambar ta tsaya da sauka, can ta ƙara ɗaya, can ta sake ƙara ɗaya. Ɗan Ladi ya ce in Allah ya so kafin la'asar sakaliya muna can, shi kuma dole ya juyo da ido, don ba mai bin hanyar nan in rana ta faɗi.

Mun yi fiye da rabin hanya sai muka shigo wani ƙauye. Hanyar ta ratsa ta tsakiyarsa, kuma a tsakiyar mutane ne jere sahu-sahu, makara a gabansu.

Ɗan Ladi ya ce, "Inna lillahi," ya taka birki, ya murɗa makulli. Injin ya yi shiru.

A Gazawa kan kwalta muke, in mota ta tarar da jana'iza rage gudu take yi ta wuce. A can ba haka ba ne. Ba a ratsa sahu, ba a barin inji yana ruri ana sallar gawa, kuma duk namijin da ke cikin motar sai ya sauka ya bi, ko bai san mamacin ba. Maza suka diro suna ta taimama da sauri. Tabawa ta buɗe ƙofa ta turo ni waje ta ce, "Taho mu yi ma mata gaisuwa." Ban gama gyara hijabina ba na ji ƙarar ƙofa. Ɗan Ladi ya ɗaga gilasai ya kulle, saboda jakunkunan 'yan kasuwa da ke gaba, ya jefa makullin a aljihu, ya ruga ya shiga sahu. Liman ya riga ya yi kabbara.

Na manna fuskata a gilashin. 'Yar kibiyar tana nan. Mota a kashe, wuta tana shiga.

Na ce a raina sallar gawa ba ta daɗewa, da an sallame zan tari Baba. Amma suna sallamewa aka ɗaga makara, sahun duka ya juya ya bi ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki. Na hango hular Baba a tsakiyar mutane, Ɗan Ladi ma har ya sa kafaɗa a makarar. Na yi taku kaɗan na tsaya. Mace ba ta bin gawa, balle yarinya baƙuwa. Kuma ba a ɗaga murya a kira mutum daga bayan makara.

Na gaya wa Tabawa. Ta zo ta leƙa, ta ja ƙofar, ta zagaya ta ja ɗayar.

"Ina wayak take? Mu hizge ta."

Na ce duk tana ciki, ta huda ta bi, kuma abin buɗe gaban motar ma yana ciki.

"To mu hwasa gilas."

Har ta duƙa tana neman dutse, ƙasar kuwa yashi ce zalla. Na riƙe mata zane na ce ta yi haƙuri, motar mutane ce, ga gidan rasuwa. Ta dube ni ta ce, "Ke da ubanki kunya za ta kashe ku." Ta duba ko akwai namijin da za a aika, babu kowa sai wani makaho a gindin bango yana jan carbi. Ta tambaye shi nisan maƙabarta, ya ce tana bayan tafki, da ɗan tafiya.

Rana na dukan motar. Na cire zanen da ke kafaɗata na shimfiɗa a gilashin gaba don inuwa. Ta gefe ina ganin lambar tana hawa. Tun jiya ba abin da nake roƙo sai in ga tana hawa, ga shi yanzu kowane ɗaya da ta ƙara gabana faɗuwa yake yi.

Tabawa ta ce tsayuwa ba ta da amfani, kuma abin kunya ne mu tsaya a ƙofar gida ba mu shiga ba. Muka shiga. Mata cike da tsakar gida, ba kuka mai ƙarfi, sai gaisuwa ƙasa-ƙasa. Matar mamacin tana cikin ɗaki a kan tabarma, tsohuwa ce 'yar ƙarama, an lulluɓe ta da farin mayafi, ƙafafunta duk faso. Muka durƙusa muka yi mata gaisuwa. Aka miƙo mana hura a ƙwarya, na kai baki na kasa haɗiya.

Da maza suka dawo sai da aka zauna aka yi addu'a a ƙofar gida, doguwa. Sannan na samu na je bayan Baba na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi motar. Ya tafi wajen Ɗan Ladi. Na ga Ɗan Ladi ya dafe kai da hannu biyu.

Ya buɗe, ya fizge wayar daga akwatin, ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat. Ya sake. Ƙyat. Ko tarin da ta saba ba ta yi ba.

"Wanga akwati maye ne!" in ji shi. "Ya shanye min jinin mota!"

Wani daga cikin fasinja ya ce, "Ai yarinyar ta faɗa maka tun a tasha."

"Na ce ban ji ba? Gawa na gani gabana, mi kaka so in tuna?"

Lambar akwatin ta haura hamsin. Firigon yana ta gurnaninsa, na taɓa kwalaben, da sanyinsu. Magani lafiya lau, amma ba abin da zai kai shi.

Aka sauke buhuna aka fara turi. Mutanen da suka dawo daga binne ɗan'uwansu, ƙasar kabari ba ta bar hannunsu ba, su suka sa kafaɗa. Amma yashi ne mai zurfi. Su tura ta ɗan gusa, Ɗan Ladi ya saki kulochi, tayoyi su nutse. Suka yi ta yi har wani dattijo ya zauna a ƙasa yana haki. Wani ya ce sai an kai ta fako, can gangaren tafki, inda ƙasa ke da tauri. Wani ya ce ba ƙarfin mutum da zai kai ta can, sai shanu. Sai na ji ana raɗa cewa shanun huɗa na garin suna wajen kiwo da nisa, bijimai biyu kawai ke ɗaure a gida, kuma na marigayin ne. A garin ba a ɗaura wa dabba karkiya ranar da aka binne mai ita. Ba wanda zai iya buɗe baki ya roƙi 'ya'yansa.

Wayar Baba ta yi ƙara. Iya Hajo ce. Ya koma gefe, amma na ji yana cewa, "Ki dinga ba ta ruwa. Kada ki bari ta yi barci. Muna hanya." Da ya dawo ya ce zai ɗauki firigon a ka ya tafi da ƙafa. Mutanen garin suka ce ko ya tashi yanzu duhu zai riske shi a daji, ba za su bar shi ba. Inuwar motar ta riga ta yi tsawo.

Ban san lokacin da na koma cikin gidan ba. Wataƙila don kada maza su ga ina hawaye ne. Na tsuguna a bayan ƙofar ɗakin tsohuwar, inda ba mai lura da ni. Sai na ji muryarta.

"Ɗiyag ga da ta ƙi shan hura, mi as same ta? Taho nan."

Na matsa. Ta ce in faɗa mata. Na faɗa, kaina a ƙasa, ban san ko ta gane rabin abin da na ce game da batir ba. Ta tambayi sunan Kaka da na garinsu, ta ce ba ta san ta ba. Sannan ta ce a kira mata babban ɗanta. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"A ɗaura ma shanun nan karkiya."

"Inna, yau fa..."

"Na san ko yau wace rana ta, ni ad da mijin. Shi ya riga ya kwanta. Waccan ba ta kwanta ba tukuna. Tashi."

Bijiman fari ne da ja, jan yana da karyayyen ƙaho. Aka ɗaura igiya a ƙarfen gaban mota. Ɗan marigayin ne ya kora su da kansa, bai dubi kowa ba. Suka ja, maza suna turi ta baya, mata sun fito bakin zana suna kallo, ba mai magana sai numfashin shanu da kukan igiya. A hankali motar ta fita daga yashi ta hau fako.

Aka kwance shanun a bakin gangare. Gangaren ba shi da tsawo, kuma ƙarshensa busasshen tafki ne mai laushin ƙasa. Ɗan Ladi ya leƙo ya ce, "Jama'a, sau guda ne. In ba ta kama ba, ƙasan can za ta kwana." Ya ce ni da Tabawa mu tsaya a waje. Na rungume firigon, Baba ya ajiye mini akwatin a gefen ƙafa ya tafi cikin masu turi.

Suka yi bisimilla suka tura. Motar ta gangara shiru, tana ƙara gudu. Ta wuce rabi bai saki ba. Tabawa ta damƙe mini kafaɗa har na ji zafi, tana cewa, "Saki mana, ɗan banza, saki!" Sai motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta yi kamar za ta mutu, baƙin hayaƙi ya fito, ta kama ruri.

Ba a yi ihu ba, saboda gidan rasuwa. Hannu kawai aka ɗaga. Aka kwaso buhuna a ka aka mayar da sauri. Baba ya je wajen ɗan marigayin ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Da zan shiga gaba da akwatin, Ɗan Ladi ya nuna shi da yatsa ya ce, "Shi zauna nan, amma wallahi ko kallon batir ɗina kar shi yi." Ban damu ba. Abin da ya sha ya ishe shi har gobe rana ta fito a kan faifan sola.

Rana ta yi ja muka shiga garin su Kaka. Ɗan Ladi bai kashe mota ba, ya sauke mu ya juya. Kaka tana kwance, leɓɓanta sun bushe sun tsage, idonta rabi a buɗe. Baba ya tsaya a waje saboda surukuta. Na auna sukarin, abin awon ya nuna ya hau ƙwarai. Na bugo wa malamar asibitinmu, Iya Hajo ta riƙe mini wayar a kunne, tana faɗa ina yi. Na yi wa Kaka allurar, na zare. Malamar ta ce a ci gaba da ba ta ruwa, in sake aunawa bayan isha, in bai fara sauka ba to ko ta ƙi ko ta so a ɗauke ta zuwa asibiti da asuba. Da na sake aunawa ya fara sauka.

Washegari da hantsi Kaka ta tashi zaune ta nemi kunu. Ta dubi akwatin ta ce wannan ne abin da Lawali ya ɓata kuɗinsa a kai? Tabawa ta ba ta labarin hanya, da ƙari. Kaka tana ta murmushi har aka zo wajen shanu. Nan ta ajiye ludayi.

"Ranar da anka binne shi?"

Aka ce ranar.

Sai Kaka ta sa Iya Hajo ta fitar da hatsi daga rumbu a surfa, ta ce ranar sadakar uku za ta je. Aka ce jikinta bai yi ƙwari ba, ga rana. Ta ce ba shawara ta nema ba.

A amalanken jaki muka tafi da sassafe, ni da ita da mijin Iya Hajo. Na riƙe mata hannu muka shiga ɗakin. Tsohuwar tana nan a kan tabarmarta cikin farin mayafi. Kaka ta zauna kusa da ita da ƙyar, ta yi mata gaisuwa, ta yi wa marigayin addu'a. Tsohuwar ta amsa, ta dube ni, ta gane ni, sannan ta juya ta dubi Kaka da kyau.

"Ke ce mai maganin?"

"Ni ce."

"Ya iso da kyau?"

Kaka ta ce, "Ga ni zaune."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta matsa gefe, ta ja mata tabarmar.